Aikin Zaune

A matatar man kamfanin, ba a cewa mutum ya yi hatsari sai in ya kasa zuwa aiki washegari. Haka dokar take. In ya zo, ko da ɗauko shi aka yi ranga-ranga, muddin ya danna katinsa a bakin ƙofa, to abin da ya same shi jiya ɗan rauni ne, kuma lambar da ke kan babban allon ƙofar shiga, mai nuna tsawon kwanakin da aka yi ba hatsari, za ta ƙaru kamar kullum. In bai zo ba, lambar ta koma sifiri, labari ya kai hedikwata.

Sista ta san dokar nan ciki da waje, don ita ce ma'aikaciyar jinya a ɗakin shan maganin matatar. Ta sha ganin dokar tana aiki a kan mutane. Ba ta taɓa kawo wa ranta za ta faɗa kan ɗan gidansu ba.

Da hantsi aka shigo da shi, mutum biyu sun tallabo shi. Auta ne, ƙanin mijinta, mai walda a ƙarƙashin wani ɗan kwangila. Mahaɗin wani bututun tururi ne ya ɓalle yana tsugune a gindinsa. Mahaɗin ya daɗe yana tsiyaya. Injiniyoyi sun ce gyaran gaskiya sai an kashe sashen gaba ɗaya, ofis ya ce ba yanzu ba, tankoki na layi suna jiran mai. Sai aka ɗaure wurin da maɗaurin ƙarfe. Maɗaurin ne ya saki.

Ta sa almakashi ta tsarga wandon har gwiwa, ta lallaɓa ta zare takalmin. Ƙunar ta kama daga ƙwauri zuwa idon sawu. Sama ta yi jajir, ta tashi ƙuraje masu ruwa. Ƙasa kuwa, inda takalmin ya riƙe tururin, fatar ta yi fari fat kamar kyandir.

"Matar Yaya, a hankali mana," in ji Auta, yana cije baki. "Haka kike wa Yaya a gida? Shi ya sa bawan Allah ya ƙi ƙiba."

"Rufe min baki." Ta danna farin wurin da auduga. "Nan fa, kana jin zafi?"

"A'a, nan lafiya lau."

"Nan ɗin ne ba lafiya ba."

Ba ta gama ɗaure bandeji ba jami'in kiyaye haɗari ya shigo. Ma'aikata na kiransa Oga A-Kula, saboda ba ya rufe magana sai da kalmar. Mutum ne mai ladabi, kuma ba na ƙarya ba. Ya cire hular kwanonsa, ya durƙusa gaban gadon, ya yi wa Auta sannu har sau uku. Sannan ya miƙe ya yi tambayar da yake yi a kan kowa.

"Sista, zai iya zama a kujera?"

"Gado yake buƙata, Oga. A babban asibiti, sashen ƙuna. Yau."

"To, bari Likita ya zo mu ji."

Likitan daga waje yake zuwa, kamfani ke biyansa. Ya iso bayan azahar, ya sa aka buɗe ciwon, ya duba daga tsaye hannuwansa a baya. Ya ce a riƙa wankewa kullum, a yi allura, a ga yadda zai yi.

"Likita, ƙasan nan ya mutu. Sai an kankare a tiyata."

"Ban ce ba za a tura shi ba, Sista. Cewa na yi mu gani."

Ya rubuta aikin zaune. Ya wanke hannu duk da bai taɓa komai ba, ya fita.

Aikin zaune a wani ɗaki ake yinsa bayan sito, ɗakin da aka gina don horar da sababbin ma'aikata. Akwai na'urar sanyi, dogon tebur, kujerun roba, da talabijin a bango mai maimaita fim ɗaya a kan yadda ake hawa tsani. Ma'aikata na kiran ɗakin Otal. Auta ya tarar da baƙi biyu a ciki: wani dattijo mai ɗaura bututu, Baba Fita, wanda ƙarfe ya murƙushe wa yatsu, da wani direban kuren, injin ɗaga kaya, da aka rufe wa ido ɗaya da filasta. Aikin da aka ba Auta shi ne ya zazzage buhun safar hannu a tebur, ya haɗa ta dama da ta hagu.

Kowace safiya farar motar kamfani kan je har ƙofar gidansa. Direban mutum ne mai tausayi, yana kauce wa ramuka iya ƙoƙarinsa, amma hanyar doguwa ce, ƙafar kuma a rataye take daga gida har matata. A bakin ƙofa dole Auta ya sauko, don kyamara na son ganin mai katin da kansa. Sai ya dafa kafaɗar direba ya yi ɗingishi zuwa na'urar, ya danna, fitila ta yi kore, ya koma mota. Kafin ya iso wurin Sista ƙafar ta kumbura suntum.

Takan jiƙa tsohon bandejin da ruwan gishiri har ya saki, ta wanke, ta shafa magani, ta ɗaure sabo. Ta kai masa kwali a Otal ta ce ya ɗora ƙafar sama. Da wani babba ya leƙo ya ce kwalin ya ɓata tsarin ɗaki aka ɗauke, ta mayar da shi bayan ya fita.

"Sista, ki zo ki ga ci gaba," in ji Baba Fita wata safiya. "Ƙaninki ya zama injiniyan safa. Jiya ya aurar da hagu da hagu, muka raba auren."

"Baba, kai da ko cokali ba ka iya riƙewa, har kana da bakin magana?" in ji Auta.

"Ni na kusa zama manajan Otal ɗin nan, yaro. Ka bi ni a hankali in ba ka ɗaki mai taga."

Suka yi dariya, har mai ido ɗaya. Sista ba ta yi ba. Ta lura Auta bai taɓa shayinsa ba, kuma goshinsa na naso a cikin sanyin nan.

Da yamma ta sami mijinta a tsakar gida yana gyara fanka. Ta zauna a bakin tabarma, ba ta ko cire kayan aiki ba.

"Baban yara, ka je ka yi wa ƙaninka magana. Ni na faɗa, ya mai da ni abokiyar wasa."

"Ba kin ce Likita ya gani ba?"

"Ya gani."

Ya ɗago ya dube ta. Ya ajiye sukudireba ya shiga ya sako riga.

Ɗakin Auta ciki da falo ne a wani gidan haya. Suka tarar da takalma jibge a ƙofa. Abokan aikinsa ne suka zo dubiya, sun cika falon, sun kawo lemo da burodi. Amarya, matar Auta, tana ta kai da kawo da kofuna. Da suka tashi tafiya, kowa sai ya riƙe hannun Auta ya ɗan jima. "Ka daure, mutumina." "Allah ya ƙara sauƙi, ka daure." Na ƙarshen, wani ƙato mai suna Dogo, shi ne ɗaya daga cikin waɗanda suka tallabo shi ranar. Ya kasa haɗa ido da Sista.

Bayan sun fita yayan ya ja kujera.

"Gobe ba za ka shiga motar nan ba. Asibiti za mu."

"Yaya, ka yi haƙuri."

"Ba shawara na zo ba."

"Na sani, Yaya." Auta ya gyara kwanciya, ya ja numfashi. "Ogan kwangilarmu ya zo ɗazu. Bai yi faɗa ba, wallahi. Ya ce dai kwangilar ta kusa sabuntawa, kuma duk ɗan kwangilar da mutuminsa ya mai da allo sifiri, ba a sake kiransa. Ba ni kaɗai zan zauna a gida ba. Duk waɗannan da kuka gani. Dogo ga 'yan biyu an haifa masa."

"Ƙafarka ce ko ta Dogo?" in ji Sista.

"Matar Yaya, kin tuna mutumin nan da ya faɗo daga tanki shekarun baya, ya kwanta asibiti? Faɗa min sunansa."

Bai jira amsarta ba.

"Kin gani? Ke ma kin manta. Sifiri ake ce masa. Har 'ya'yansa, 'ya'yan Sifiri. Ba ɗan kwangilar da ya sake ɗaukarsa. Yana tasha yana wankin mota." Ya juya ga yayansa. "Hutuna na canjin aiki ya kusa. Ranakun hutu ba sa shiga lissafi. Ranar da na fara hutu, da kaina zan ce ku kai ni."

Yayan ya dubi Sista, Sista ta dubi ƙafar. Amarya na tsaye bakin labule da faranti a hannu.

"Anti, ai yana samun sauƙi ko?" ta tambaya. "Ya ce ma ya daina jin zafin."

Sista ta ce a ɗora masa ƙafar a kan filo biyu, a riƙa ba shi ruwa da yawa.

Washegari da ta buɗe bandejin, warin ya riga ciwon fitowa. Farin wurin ya koma toka-toka, gefensa ya yi baƙi, mugunya na tsattsafowa. Wani jan layi ya taso daga ƙwauri ya nufi cinya. Ta sa masa ma'aunin zafi, ta duba, ta sake sawa. Ta kira Likita a waya. Ya ce yana wani taro, a canza allurar zuwa mai ƙarfi, zai shigo farkon mako.

Ta bar Auta a kan gado ta haura bene ofishin Oga A-Kula. Bangon ofishin cike yake da hotunan ma'aikata sanye da huluna suna murmushi. Ya ba ta kujera, ya rufe ƙofa da kansa.

"Ciwon ya shiga jini, Oga."

Ya cire tabarau ya murza idanunsa. "Sista, kina ganin ban damu ba? Bututun nan, ba taron da ban tayar da maganarsa ba. Har aka fara yi min dariya, wai na auri bututu. Aka ce in bari sai lokacin babban gyara. Ni aikina in ce a kula. Kashe sashe ba a hannuna yake ba."

"Ban zo maganar bututu ba. Ka ba da mota a kai shi asibiti."

"In Likita ya rubuta, yanzun nan."

"Likita ba zai rubuta ba sai kun ce."

Bai musa ba. Ya jima yana jujjuya biro a hannu.

"Ba wanda ya ɗaure shi," ya ce a hankali. "In ya ce zai tafi, ƙofa a buɗe take, ni zan riƙe masa ita. Kin tambaye shi?"

"Na tambaye shi."

"To." Ya buɗe tafin hannuwansa. "Jibi yake fara hutu. Na riga na yi magana da asibitin, za a ajiye masa gado. Kamfani zai ɗauki nauyin komai, ba a rubuce ba, amma zai ɗauka. Iyakar abin da na iya ke nan, Sista. Ki riƙe mana shi zuwa jibi."

A kan matakala ta gane cewa kowa ya riga ya amince da jibi: Oga, Likita, ɗan kwangila, abokan aiki, har mai ƙafar. Ita kaɗai ce ta buɗe bandejin.

Ta fita bakin ƙofa ta tsayar da tasi, ta ce mai ita ya jira. Ta koma Otal, inda direba ya riga ya mayar da Auta. Yana zaune ya jingina kai da bango, buhun safa a gabansa bai kwance ba. A talabijin mutumin fim yana hawa tsaninsa.

"Tashi. Ga mota a waje."

"Matar Yaya, yau kuma sace ni za ki yi? Yaya ya sani?"

"Auta, ba wasa nake ba. Kalle ni." Ya buɗe ido, sun yi ja. "In ka kai jibi, ba na ce za a iya ceton ƙafar nan ba. Na faɗa maka a gaban mutane, kada ka ce ban faɗa ba."

Mai ido ɗaya ya miƙa hannu ya rage muryar talabijin. Baba Fita ya dubi nasa yatsun da ke naɗe.

"Yaro," ya ce, "yatsa daban, ƙafa daban. Ni dai ban ce komai ba."

Auta ya daɗe yana kallon tebur. Laɓɓansa sun bushe sun tsattsage.

"In na fita yanzu, gobe ban danna kati ba ke nan."

"Eh."

"Gobe kaɗai ta rage."

"Eh. Ita nake tsoro."

"Na riga na sha wahalar duk kwanakin nan, Anti." Bai taɓa kiranta Anti ba sai ranar. "In na fita yau, ta zama ta banza. Ki bar ni in ƙarasa. Don Allah."

Ta yi tunanin kiran Dogo da wani su ɗauke shi da ƙarfi, sai ta tuna su wane ne Dogo da wanin, mutanen da abincinsu ke rataye da katinsa. Ta yi tunanin kiran mijinta, sai ta tuna ba mai shiga matata ba kati. Mutum ne baligi da hankalinsa, ya ce a'a. Ta tsaya har mai tasi ya aiko mai gadi ya tambaya ko a ci gaba da jira. Ta fita ta sallame shi.

Ta dawo da tire. A nan cikin Otal ta nemi jijiya a hannunsa ta yi masa allurar, ta rataya ledar ƙarin ruwa a ƙusar da ake rataya kalanda.

Washegari direba da mai gadi ne suka riƙe shi gaban na'urar. Katin ya faɗi daga hannunsa, direba ya ɗauka ya mayar masa tsakanin yatsu, ya ɗaga masa gwiwar hannu. Fitila ta yi kore. Ranar a kan gadon ɗakin shan magani ya wuni, Sista ta ƙi bari a kai shi Otal, ba wanda kuma ya zo ya ce don me.

Safiyar hutunsa, tun kafin rana ta yi zafi, ita da mijinta suka sa shi a bayan mota. Yana ta sambatu, yana kiran a kashe bawul ɗin bututun. Amarya ta riƙe kansa a cinyarta.

Gadon na nan kamar yadda aka yi alkawari. Likitan tiyata, wani dattijo mai furfura a gira, ya sa safa ya warware bandejin da kansa. Ya warware shi a hankali, yana duba yadda aka naɗa.

"Wa ke ɗaure masa?"

"Ni ce," in ji Sista.

"Ma'aikaciyar jinya ce ke?"

"Eh, Likita."

"Yaushe abin ya faru?"

Ta faɗa masa. Ya dube ta ta saman tabarau, kamar zai yi wata tambayar, sai ya fasa. Ya danna saman ƙafar, ya danna ƙwauri, ya nemi bugun jini a idon sawu ya daɗe bai samu ba. Ya ce a kira masa babban namiji a cikin dangi.

A baranda ya yi wa yayan bayani, Sista na gefe. Ya ce yanzu ba maganar ƙafa ake ba, maganar rai ake. Za su yanke daga ƙasan gwiwa, in Allah ya sa abin bai haura ba gwiwar za ta tsira. Ya ce da an zo da wuri, amma bai ƙarasa ba. Yayan ya sa hannu inda aka nuna masa. Biron ya ƙi rubutu, wata nas ta ba shi nata.

Ana shiga da Auta wayar Sista ta yi ƙara. Oga A-Kula ne. Ya tambayi jiki, ta faɗa masa. Ya yi salati. Sannan ya ce ogan kwangila ya amince, in hutun ya ƙare za a ɗora masa hutun shekara a kai, don kada albashinsa ya tsaya. Bayan nan kuma sai a ga abin da Allah zai yi. Ta ce ta ji.

Suka zauna a dogon benci gaban ƙofar tiyata. Amarya ta yi kuka har ta gaji, ta kifa kai a gwiwa. Yayan ya kasa zama, yana zuwa ƙarshen baranda yana dawowa. Bai yi wa Sista magana ba, ita ma ba ta nema ba.

Wajen azahar aka kawo Inna, mahaifiyarsu, wadda aka ɓoye wa maganar sai safiyar nan. Tsohuwa ce ƙarama, tana dogara sanda. Babban ɗanta ya tare ta ya faɗa mata abin da ake yi a ciki. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse shi ba. Ta tako a hankali ta zauna kusa da Sista, ta kamo hannunta ta riƙe cikin nata biyu.

"An ce ke kike wanke masa kullum da hannunki."

"Ni ce, Inna."

"Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Allah ya ba ki masu yi miki. Da ba ke a wurin ba, ai da ban san abin da zai faru da yaron nan ba."

Sista ta buɗe baki. Tsohuwar na kallonta, idanunta sun cika, tana jiran amsa.

"Amin, Inna," ta ce.

Ƙofar tiyata ta buɗe, wata nas ta leƙo ta ce an gama, gwiwar ta tsira, bai farfaɗo ba tukuna. Ta ce mutum ɗaya ya zo ya karɓi abin da aka cire, a san yadda za a yi da shi. Yayan ya dafa bango. Amarya ba ta ɗago ba. Sista ta zare hannunta daga na Inna, ta miƙe ta bi bayan nas ɗin.